Hayaƙin Ranar Alhamis

Mun tare a Yamai ba a daɗe da sauke tutar Nasara ba. Maigidana shofer ne, babbar mota yake ja tsakanin Yamai da Damagaram, kuma mai motar a nan yake zaune, shi ya sa aka ce mu ma mu taho. Muka kama haya a Zongo, ɗakuna biyu na ƙasa da tsakar gida mai ɗan faɗi. Ƴata ta fari ta fara wayo a lokacin, ina kuma da goyon namiji.

Garin cike yake da mata irina. Kowane sabon buro, wato ofis, yana neman ma'aikata, aka kwaso maza daga Maradi da Tawa da Damagaram, su kuma suka kwaso matansu suka zuba a gidajen haya suka tafi aiki. Mace sai ta wuni ba wanda ya yi mata sallama. Mu na Zongo da sauƙi, muna jin Hausa ta kan katanga. Waɗanda aka kai wasu unguwanni kuwa, in ba da ƴaƴansu ba, ba su da abokin magana.

Abin da na zo da shi daga gida shi ne haɗa turaren wuta. Innata ta koya mini tun ina budurwa: yadda ake jiƙa itacen hawi da sandal, yadda ake narka sukari har ya yi danƙo a juye itacen a ciki, yadda ake kankare farce a soya shi. Farcen nan ba na mutum ba ne, wani ɓawo ne da ake kawowa daga teku, shi ke riƙe ƙamshi a jikin tufa. Maigida yana samo mini kayan da araha a hanyarsa. Na haɗa kwalabe na ba wata dillaliya ta zaga da su gidaje. Ta dawo mini da su kusan yadda ta ɗauka.

"Kowa ta shinshina ta ce da daɗi," in ji ta, "amma wai ba irin na gidansu ba ne."

Gaskiyarsu. Turare ba sabulu ba ne da za a saya a kanti. Kowace mace tana son ta ji hannun uwarta a ciki.

Wata safiya ina soya farce, kuma duk wanda ya san farce ya san kafin ya yi ƙamshi sai ya yi wari tukuna. Sai na ji murya ta bayan katanga.

"Ke baƙuwa! Kofaton jaki kike gasawa ko gidan ne ya kama wuta?"

Maƙwabciyata ce, Bagobira daga wajen Maradi, matar wani kwamis, wato akawu. Kafin in amsa ta zagayo ta shigo, ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu. Ta ce farcena bai jiƙu ba, sukarina ya yi yawa, kuma mu mutanen Damagaram ba mu san darajar kanumfari ba. Na ce mata ga murhu ga tukunya, ta nuna mini. Ta ɗaure zane ta zauna. Da ta gama, ta sayi hawi da gajiji a wajena ta tafi da haɗinta, tana ta shinshina hannunta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce ranar Alhamis za ta zo da wata ƙawarta.

Haka abin ya fara, ba ni na tsara shi ba. Amma da na ga inda ya nufa, na taimaka masa. Na bar sayar da haɗaɗɗen turare gaba ɗaya. Duk Alhamis, jajibirin Juma'a da mata ke son turara ɗaki, sai in share tsakar gida, in shimfiɗa tabarmi, in hura wuta, in dama kunu. Icce nawa, tukwane nawa, koyarwa kyauta. Kayan haɗi kuwa suna kan faifai a gindin bango, ban taɓa cewa kowa ta zo ta saya ba. Mace tana cikin juya tukunya za ta ga sandal ɗinta bai isa ba, sai ta miƙa hannu. Na lura wadda take cikin dariya ba ta taya kaya. Na kuma lura wadda ta zo sau ɗaya, in dai an saurari labarin turaren kakarta har ƙarshe, za ta dawo da wata.

Ba a jima ba tsakar gidan ya cika. Akwai matan kwamisoshi masu takalmi mai tsini, akwai matan maɗinka, akwai wata tsohuwa ƴar Tawa da ba ta taɓa haɗa komai ba, aikinta kawai ta ɗora gaushi a kasko ta yanke hukunci a kan haɗin kowa. Sai wata Bazabarma mai sayar da kifi da ta shigo don ta ga abin da ke hana unguwa numfashi, ta zama ƴar gida. Ita da Bagobira abokan wasa ne, ba sa haɗuwa a zauna lafiya.

"Matsa can, baiwata, kada ƙarnin kifi ya shiga mini tukunya."

"Wa ke baiwar wa? Ku da sai da kuka zo Yamai kuka ga ruwa mai gudu?"

"Mun gan shi, mun ga kuma masu shan sa ba su da ƙiba."

Tsohuwa ƴar Tawa ta ce su yi mata shiru, hancinta ba ya aiki a cikin hayaniya.

A tsakar gidan nan aka samo wa wata ungozoma, aka sasanta wata da mijinta, aka haɗa aure har biyu. In maigida zai tashi zuwa gabas, saƙonni ne ke taruwa a ɗakina, in ya dawo a zo karɓar amsa da daddawar gida. Su a wajensu gidan ƴan'uwa ne. Ni ma haka na ɗauke shi, sai dai ni kaɗai ce a cikinsu ke waiwayar faifai.

Yanzu sai in zo kan yarinyar.

A wajenmu uwa ba ta nuna ƴar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta ɗora ta a cinya a gaban mutane, in an yabe ta sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Haka innata ta yi wa yayana, haka aka yi mata. Ni "ke" nake ce mata, in kuma da wani nake magana in ce "yarinyar nan". Ba rashin so ba ne, duk wadda ta haihu ta sani. In ta yi barcin rana, ba kowa a gidan, nakan zauna kusa da ita ina kore mata ƙuda, in na ji sallama in tashi da sauri in kama wani aiki.

Yarinya ce marar hayaniya. Ranar Alhamis takan zauna a gefe tana tsince wa mata gajiji, su kuma suna ba ta guntun sukari. Tana ɗan tari, na ce sanyin gulbi ne, tunda ba mu saba da gari mai ruwa ba. Na dafa mata citta da kanumfari. Tarin yakan tashi daren Juma'a ya lafa kafin Lahadi, amma ban haɗa shi da komai ba.

Sai aka zo bikin ƴar wani ɗan kasuwa. Uwar amarya ƴar Alhamis ce, ta ce a gidana za a haɗa turaren ɗaki duka. Ranar an aro murhu daga maƙwabta, farce kuwa ba a taɓa soya mai yawansa a gidan ba. Hayaƙi ya tsaya a tsakar gida ya ƙi tashi, don ba iska. Mata suna tari suna dariya suna share hawaye da bakin zane. Bayan la'asar Bazabarma ta ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Wa ke busa usur?"

Muka yi shiru. Daga bayan randa ƙarar ke fitowa, siririya, tana shiga tana fita. Yarinyar ce a durƙushe, ta dafa ƙasa da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka, leɓenta ya yi toka. Ba ta yi kuka ba, ba ta da numfashin kuka. Ta ɗago ta dube ni.

Ludayi yana hannuna, mata sun fi ashirin suna kallo. Ban san ko kunya ce ta riƙe ni ko firgita ba, na daɗe ina tambayar kaina. Bagobira ce ta ture ni, ta sure ta ta goya, ta fita a guje ba mayafi. Ni na bi bayansu da nawa goyon.

A disfansar, ƙaramin asibitin unguwa, anfirme mai duba marasa lafiya ya yi mata allura, ya zaunar da ita kusa da taga har numfashin ya sauko. Ya kama bakin rigarta ya shinshina, ya dubi Bagobira.

"Madam, me kuke ƙonawa a gidan nan?"

"Ba ni ce uwar ba, likita. Ga ta can a bakin ƙofa."

Ya juyo gare ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce ƙirjin yarinyar ba ya son hayaƙi, kuma irin wannan ciwo ba ya ba da sanarwa. Ko in raba ta da hayaƙin, ko in riƙa kawo ta, wata rana kuma ba za mu iso da wuri ba.

Da maigida ya dawo daga tafiya na gaya masa. Ya aika wa yayarsa da ke aure a Saga, can bakin gulbi wajen masu noman shinkafa. Mijinta Bazabarme ne, manomi. Ta yi haihuwa ba ɗaya ba, ba biyu ba, amma ba wanda ya tsaya. Washegari ta zo da ƙullin shinkafa a ka. Ta saurari labarin, ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya.

"Dama tawa ce," in ji ta. "Tun ranar suna na faɗa, kuka yi kamar ba ku ji ba. Ƴar fari a hannun uwa, ina aka taɓa yi? Ku ba ni ita duk Laraba, in dawo da ita Asabar, hayaƙinku ya wuce."

Maigida ya dube ni ya ce me na gani. Na ce yadda suka gani.

Da Alhamis ta zagayo, Bagobira ta riga kowa zuwa. Ta same ni ina shara, ta karɓe tsintsiyar ta ajiye.

"Ƴar Damagaram, me zai hana a kwashe tukwanen nan a kai gidana? Tsakar gidana ya fi naki iska, ƴaƴana kuma ƙirjinsu kamar na jakai. Ki zo da faifanki can ki zauna. Yarinya ta zauna a ɗakinta."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Ni kuma na san wani abu da ita ba ta damu da shi ba: inda mata suka saba zama, nan ciniki yake zama. A gidan wata ni baƙuwa ce mai talla. Ga shi ƙanen mijinta yana da kanti a kasuwa, ba zai daɗe bai gane abin da mata ke saye ba. Ga Salla ta matso, ga bukukuwa a jere, ga kaya maigida ya sauke mini cike da ɗaki. Na yi mata godiya, na ce bari a wuce Salla tukuna.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne hayaƙi ba ya tafiya tare da baƙi. Ya shiga bango, ya shiga tabarma da katifa da zannuwana. Yarinyar ta dawo Asabar, kafin Litinin usur ɗin ya fara. Gwaggonta ta ce a bar ta ta ƙara mako. Mako ya zama wata. Aka wuce Salla, aka shiga bukukuwan bayan Salla, damina ta sauka hanyar Saga ta yi laka. Ba ranar da aka zauna aka ce an ba da ita riƙo. Kayanta ne suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ranar da na duba ƙusar da ake rataye rigarta na ga tsumman goge tukunya a kai.

Kowa ya ce an yi daidai. Innata ta aiko daga Damagaram cewa yanzu na yi hankali. Tsohuwa ƴar Tawa ta ce ita nata ɗan farin ko yaye shi ba ita ta yi ba. Matan Alhamis suka saki jiki, don tun ranar disfansar suke soya farce a tsorace. Ciniki ya buɗe. Na sayi awaki, na jera kwanoni a ɗaki, na shiga ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe wa matan unguwa. Har daga unguwar Lazare mata ke takowa. Suka sa mini suna uwar Alhamis. In za su tafi sai su riƙe hannuna su ce Allah ya saka, na buɗe musu gida a garin da ba su da kowa. Nakan ce amin. Amma duk wadda ta faɗi haka, sai idona ya kai bayan randa.

Ina zuwa Saga jefi-jefi, in kai sabulu da atamfa. Ba na daɗewa, don kada a ce na zo duba ta.

Shekara ta juyo, wata ta bi ta. Ran wata Babbar Salla gwaggon ta kawo ta yawon Salla. Ta yi tsawo, ta yi baƙi, kumatunta sun cika. Ta durƙusa ta gaishe ni da Zabarmanci, ta ce mini "fofo", gwaggon ta ce ta yi da Hausa, ta yi. Suna wasa da ƙanenta a tsakar gida sai ta yi tuntuɓe da murhu ta ƙuje gwiwa. Ina zaune dab da ita, hannuna har ya tashi. Ta miƙe ta wuce ni da gudu, zanenta ya shafi ƙafata, ta faɗa jikin gwaggonta tana kuka da Zabarmanci. Kafin a sauke tukunyar nama tarin ya fara, suka kama hanya da rana tsaka, aka ƙulle musu naman a ganye.

Alhamis ɗin da ta biyo na bari sai da aka zauna, na ce ina da magana. Na ce daga mako mai zuwa a gidan Bagobira za a riƙa haɗuwa, in har tayinta yana nan.

"Tayin da na yi tun ɗan autana bai fara tafiya ba?" in ji ta. "Yanzu har aikensa ake yi. Yana nan, bai ruɓe ba."

Bazabarma ta ce ita ba za ta shiga gidan bayinta ba sai an shimfiɗa mata darduma. Aka yi dariya. Tsohuwa ƴar Tawa ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Kin yi shawara da mai riƙon?" Na ce tukuna. Ta mayar da kai kan kaskonta.

Aka kwashe tukwane. Na sa aka kankare bangon ɗaki aka yi sabon yaɓe, na shafa farar ƙasa. Na ba da tsofaffin tabarmi, na farke katifa na shanya audugar, na wanke duk abin da ke wankuwa. Kayan haɗi na kai su gidan Bagobira na bar su can. Ko ɗakina na daina turarawa, maigida ya ce gidan ya koma kamar na gwauro. Abin da na ji tsoro kuwa ya faru, ƙanen mijin nan ya fara aiko da nasa hawin, faifai ya zama biyu. Ban yi ƙorafi ba, ba wanda ya yi mini laifi.

Na ce wa maigida ya je ya yi wa yayarsa magana. Sai ya ce:

"Ni in buɗe baki in ce wa Yaya ta ba ni ƴar fari? Ita fa ta goye ni. Ke kika san yadda za ki yi, ku mata kuna da hanyarku."

Na tafi da kaina wata safiya bayan damina, a ƙasa, ta bakin gulbi. Tun daga gida nake shirya maganar a bakina. Ba zan ce a ba ni ita ba. Zan ce ƙanenta yana kewa, kuma an buɗe lakwal, makarantar boko, kusa da mu, ko za a bar ta ta zo ta fara.

Shinkafa ta fara ja, tsuntsaye sun sauko mata. Yara ne a kan kunyoyi ko'ina, suna kaɗa gwangwani suna ihu. A cikin ihun na ji wata murya doguwa, ta tashi ta ratsa fadamar ba ta yanke ba, har tsuntsaye suka tashi kamar an yaye mayafi. Na tsaya ina neman mai ita. Yarinyar ce, laka har gwiwa, ta ɗaga kai sama ta buɗe baki. Tun da na haife ta ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Na tsaya a bayan wata bishiya har ta yi sau uku, sannan na wuce.

A gidan na tarar da mata cike, ana turara shinkafa ana sussuka, dangin mijin gwaggon ne da maƙwabta. Aka yi mini shimfiɗa a inuwa, aka gaisa, na miƙa tsarabata. Gwaggon ta aika a kira yarinyar ta kawo wa baƙuwa ruwa. Ita kuma gwaggon ta zauna kusa da ni tana juya atamfar da na kawo a hannunta, sai ta ɗan matso ta shinshina kafaɗata.

"Yau ba ƙamshi, amarya. Lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. An mai da aikin gidan maƙwabta."

Ta ninke atamfar, ta sake warware ta. Sannan ta ɗaga murya yadda duk tsakar gidan zai ji, da dariya a bakinta.

"To ko kin zo ɗaukar ƴarki ne?"

Taɓarya ta tsaya. Waɗanda ke jin Hausa suka fassara wa waɗanda ba sa ji. Duk suka juyo suna murmushi, don kowa ya san wasan, kowa kuma ya san amsar da ƴar mutunci take bayarwa. Maganar lakwal da na taho da ita tun daga Zongo ta ɓace mini. Bakina ya yi abin da aka koya masa.

"Wace ƴa? Ni ina da ƴa a nan? Ƴarki dai, Yaya. Ni me zan yi da ita?"

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce Hausawa akwai kunya, ta sa mini albarka. Sai na ga ƙwarya ta sauka a gabana a hankali, ruwan ko girgiza bai yi ba. Ban san lokacin da yarinyar ta shigo ba. Ta wanke ƙafafunta, ta ɗaura zane mai tsabta don gaida baƙuwa. Hausarta ta ragu, amma ba ta ragu har ta kasa jin wannan ba. Ta durƙusa ta ce sannu da zuwa, idonta a kan ƙwaryar. Ta tambayi gwaggonta wani abu da Zabarmanci, aka ce ta je, ta koma wajen tsuntsayenta.

Na san za a ce yarinya ce, kuma in ta girma za ta gane haka ake faɗa. Ta girma, ta gane, ita ma ta faɗa wa nata ɗan farin. Amma a ranar ba ta girma ba tukuna.

Da rana ta yi sanyi gwaggon ta rako ni. Muka bi kunya ɗaya, tana gaba ina baya, ba kowa sai mu. Nan ne wurin magana in akwai ta. Sai da muka kusa hanya na samu na ce, "Yaya, na yi wa ɗakin sabon yaɓe."

"Madalla. Zai yi sanyi da bazara."

"Na canza tabarmi. Ko gaushi ba na sakawa."

Ta tsaya, ba ta juyo ba. Ta gyara ɗankwalinta.

"Tun da ta zo ko sau ɗaya ba ta yi ba," in ji ta. "Ko sau ɗaya. Da farko ba na barci, ina sauraron ƙirjinta." Ta dubi wajen fadama. "Ita ke ɗebo mini ruwan alwala yanzu."

Da ta juyo na ga idonta ya kawo ruwa, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba ko a wajen jana'iza. Ba ta ce ba za ta bayar ba. Ni ma ban ce ta bayar ba. Ta ce in gaida ƙanenta, in ce masa ya rage gudu da mota. Na ce zai ji. Daga fadama ana ta ihu, ina iya ware muryar daga cikin sauran har na hau hanya.

Na iso Zongo kafin magariba. Bagobira tana ƙofar gidanta, ta dubi bayana, ta dubi hannuna. Na ce mata ranar Alhamis a dawo da tukwanen, ba amfanin a takura mata gida.

"Kin tabbata?"

Na ce na tabbata.

Aka dawo da su. Mata suka yi murna, suka ce dama gidan Bagobira bai karɓe su ba, inuwarsa ba ta kai tawa ba. Aka soya farce a ranar, sabon yaɓen ya sha hayaƙinsa. Mun yi shekaru masu yawa muna haɗuwa, da abin da faifan nan ya kawo na yi wa sauran ƴaƴana hidima har suka kama kansu.

Ita yarinyar a Saga ta girma, a can aka yi mata aure, gwaggonta ce ta zauna a matsayin uwar amarya, ni ina cikin ƴan rakiya. Tana zuwa gaishe ni duk Salla da ƴaƴanta, ba ta taɓa fashi ba. Mace ce mai ladabi. Takan kawo shinkafa sabuwa, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce mini Inna ta Zongo. In na ce ta shigo ciki sai ta ce nan ma ya isa, ta zauna a bakin ƙofa inda iska ke wucewa. Kafin la'asar ta tattara yaranta, wai kada su rasa mota.